Ƙaron Maje a Bakin Kibiyar Kabon

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya, ni da wani abokina da ya yarda ya tuƙa ni, domin ya fi ni sanin hanyar Gusau. A bayan mota akwai jakar kayana da ledar tsaraba, sai wata doguwar baƙar jaka mai ɗauke da bakana da sababbin kibiyoyi goma sha biyu. Ku da kuke bibiyata kun san shekara huɗu ke nan ina wasan harbin kibiya, irin wanda ake harbin allo, duk Asabar da safe. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne inda na fara riƙe baka. A wani ƙauye ne bayan Faru, cikin ƙasar Maradun, a hannun yayan mahaifina, Baffa Labbo, wanda a zamaninsa maharbi ne da ake ji da shi.

Rabona da Baffa shekara tara, tun rasuwar mahaifina. A tsakanin nan ƙauyenmu ya watse saboda ɓarayin daji, kowa ya kama gabansa, shi kuma ya koma Bakura wajen 'yarsa Hassi. Kullum ina cewa zan je, kullum ina kawo dalilin hanya. Sai ranar nan Hassi ta kira ni ta ce ƙarfin tsohon ya ragu, idonsa ya yi hazo, kuma wani ya ba shi labarin wai ɗan ƙanensa Mamman, wato ni, yana harbi da kibiyar da ba ta kyauro ba. Ya ce in kawo masa ita ya taɓa. Saura mako uku mu yi wata 'yar gasa, kibiyoyin nan kuma ban gama saita su ba, sai na ce in tafi da su gaba ɗaya, in na sami fili in ƙarasa aikin a can.

A Funtuwa muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya ce a yi masa hoto kafin ya ɓace. Daga nan hira ta yi ta gudana har muka doshi Tsafe, inda na lura abokina ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Damina ta zo ƙarshe, an girbe gero, dawa na tsaye ta rufe gonaki hagu da dama, ta yi kyau, amma ba wanda ke son ya daɗe yana kallon cikinta.

A wani shinge jami'an tsaro suka ce a buɗe doguwar jakar. Daidai suka yi, don a ƙasar nan ba a wasa da irin wannan kaya. Na nuna katin ƙungiyarmu, na yi bayani. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki kibiya ɗaya ya jijjiga ta, ya ce shi da farko ya zaci eriyar rediyo ce. Ya tambaye ni ko tana kashe zomo. Na ce ni dai takarda kawai na taɓa kashewa da ita. Suka yi dariya suka sallame mu.

Mun shiga Talatar Mafara rana ta take, kuma ranar kasuwa ce. Motocin shinkafa da na albasa sun cushe hanya, ga dankali tuli-tuli, ga masu amalanke suna ta neman a ba su wuri. Nan kunnena ya fara jin Hausar gida, ana “mi kaka so” ana “taho nan”. Muka sayi hoce, wainar dawa irin ta gida, mai zafi muka ci da ƙuli a gindin wata bishiya. Rabona da hoce tun mahaifiyata na da rai. Abokina, wanda bai taɓa ci ba, ya ce wannan ai abinci ne na wanda ba ya da niyyar sake jin yunwa sai jibi.

Da muka koma mota na tarar da ɓarnar da na yi wa kaina. Sandar gam ɗin da nake aiki da ita na bar ta a gaban mota, zafin kaka ya narkar da ita, ta malale ta kama takardun motar abokina.

Bari in yi wa waɗanda ba su san harkar ba bayani. Kibiyar kabon, wato irin ta zamani da muke harbawa, bututu ce, cikinta rami. A bakinta ake cusa wani ɗan ƙarfe mai ramin noti, muna ce masa insat, a cikinsa ake ɗaura tsinin kibiyar. Akwai na alminiyam mara nauyi, akwai na tagulla mai nauyi. Kafin ka gane wanne ya dace da bakanka sai ka gwada wannan ka cire, ka gwada wancan, wani lokaci ma ka rage tsawon kibiyar. Shi ya sa ba a sa masa gam mai kamun dindindin tun farko. Ana liƙa shi ne da gam mai narkewa da ɗan zafi, wanda in ka tsoma bakin kibiyar a ruwan zafi zai saki. Sai saiti ya yi daidai sannan a sa mai ƙarfin. To, wannan gam ɗin ne ya tafi a takardun mota.

Muka shiga layin masu gyaran waya muka sami irin gam ɗin nan mai kama da kyandir. Mai shagon ya rantse mini ko tayar mota zai riƙe. Na saya ba don na yarda ba.

Da la'asar muka isa Bakura. Hassi ce ta fito ta tarye mu, ta yi ƙiba, ta yi furfura kaɗan, amma dariyarta na nan yadda na san ta. Baffa na zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki. Mutumin da na sani dogo mai faɗin ƙirji, wanda ke ɗauko gada a kafaɗa tun daga fadama, shi ne na gani ya zama ɗan kaɗan cikin riga. Na durƙusa na gaishe shi. Muka yi ta gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya sake komawa kan iyali, duk yana riƙe da hannuna. Bai ce mini komai ba game da shekara taran nan. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Can ya ce, “Ina abin?”

Na ɗauko kibiya ɗaya na sa masa a hannu. Ya bi ta da yatsa tun daga tsini har gindi. Da ya iso kan fukafukan roba ya tsaya.

“Ɗan Mamman, wagga kibiya ta ko tsuntsuwa?”

Na ce ai fukafukan ne ke miƙar da ita a iska. Ya ce su tun kakanninsu ba su taɓa sa wa kibiya gashi ba, in kai da jiki sun daidaita da kanta take miƙewa. Na gaya masa mu ma in za mu yi saiti sai mun harba wadda ba fukafuki, ita ce ba ta ɓoye laifinta. Wannan magana ta yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce ashe masu yin ta suna da hankali.

Washegari da hantsi mijin Hassi ya ba mu buhun ƙaiƙayin shinkafa, muka jingina shi da katangar kangon da ke bayan gida, inda ba mai wucewa. Aka kawo wa Baffa kujera. Na kunna kyandir, na ɗaura tsini a jikin insat, na riƙe tsinin da filaya na ɗumama ƙarfen, na shafa masa gam, na cusa a bakin kibiya ina murzawa, sannan na tsoma a ruwan sanyi. Na gaya masa wuta ba ta taɓa jikin kabon ko kaɗan, domin in ya ƙone ba ya nunawa, sai ranar da ka ja ya tarwatse a hannunka. Ya ce kyauro ma haka yake da ƙwari, a waje lafiya, a ciki gari.

Na harba masu fukafuki uku, suka taru wuri ɗaya. Na harba biyu marasa fukafuki, suka faɗa hagu da kusan taƙi ɗaya. Baffa ba ya ganin buhun sosai, amma ya sa na kai hannunsa ya shafa yadda suka tsaya. Da na zo zare su, ɗaya ta fito ba tsini. Gam ɗin mai gyaran waya ya saki, insat da tsini suka yi zamansu cikin ƙaiƙayi. Sai da muka kwance bakin buhu, ni da abokina, muna tono kamar kaji. Na sake liƙawa, na sake harbawa, wata ma ta sake yi mini haka.

Baffa ya karɓi sandar gam ɗin ya sansana, ya gatsa ta da sauran haƙoransa, ya miƙo mini. Ya ƙwala wa Hassi kira, ya ce ta kawo ƙaron majen da take turare da shi, a kuma nemo kakin zuma wajen maƙwabta. Hassi ta ce ƙaronta mai tsada ne. Ya ce ta rubuta a goshinsa. Aka kawo gwangwanin madara da garwashi a kasko. Shi da kansa ya farfasa ƙaron da yatsu, ya gutsuri kaki ya jefa, yana juyawa da tsinke. Ba awo, hanci kawai. In ya ɗiga a kan dutse ya huce sai ya danna da farce. Na farko ya ce ya yi gautsi, ya ƙara kaki. Na biyu ya ce ya yi laushi, ya ƙara ƙaro. A na uku ya ce, “Gwada wanga.”

Ƙamshin da ya tashi daga gwangwanin nan shi ya gama da ni. Nan take na ga zauren gidanmu na ƙauye, Baffa da mahaifina zaune da damin kyauro a gabansu, suna dasa kan kibiya suna naɗe ta da jijiya, suna gardamar wanda ya fi wani hannu. Na sunkuyar da kai na ce hayaƙi ne ya shiga idona. Ba wanda ya ce mini ƙarya nake.

Haɗin ya kama. Na harba sau goma, ba wanda ya saki. Da na tsoma a ruwan butar da Hassi ta tafasa, na ɗan jira, na ja da filaya, ya fito sumul. Sai aka koma kan zancen faɗawa hagu. Baffa ya ɗora kibiyar a kan yatsa ɗaya ya nemi inda ta tsaya daidai, ya tanƙwara ta kaɗan kusa da kunnensa.

“Jikin ya hi ƙarhin kai. Ƙara mata nauyi gaba.”

Abin da littattafanmu ke faɗa ke nan, da zane da lissafi. Na cire na alminiyam na sa na tagulla. Suka matso, saura kamar yatsa uku. Ya ce in sa tsinin da ya fi wannan nauyi kaɗan. Na sa. Marasa fukafuki suka shiga tsakiyar 'yan uwansu. Na kai hannunsa ya shafa su biyar a cure, ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Daga nan ya ce in ba shi bakan. Ya miƙe, na tallafe shi, ya sa yatsu a tsirkiya ya ja. Ba ta zo ko rabi ba ƙarfinsa ya ƙare. Ya mayar da ita a hankali, bai sake ta haka nan ba, don maharbi ba ya sakin tsirkiya ba kibiya. Ya zauna ya ce bakan na da kyau.

Bayan azahar muna shan fura ya fara zancen majen da ke bayan gidanmu na ƙauye, wanda ya ce ƙaronsa ya fi na kasuwa. Daga maje ya koma kan fadama, daga fadama ya koma kan kabarin ƙanensa, mahaifina. Sannan ya ce tunda ga mota, in kai shi Maradun gobe. Hassi ta ce a'a. Ya ce Maradun kawai, ya ga mutane. Suka yi ta ja, daga ƙarshe ta yarda, amma ta ja ni gefe ta ce in rantse mata ba zan bar shi ya wuce garin ba. Na yi mata alkawari.

Da safe muka biyo ta Mafara muka ɗauki hanyar Maradun. Ƙasar nan Allah ya yi mata albarka. Ruwan madatsar Bakolori ya sa ko'ina kore, ga shinkafa ta sunkuya, ga masu kifi a bakin hanya suna ɗaga manyan tarwaɗa. Baffa na gaba, gilashi a sauke, yana kiran sunayen wurare kafin mu iso su. Wani wurin ya ce akwai kuka a dama, muka duba, ga ta nan. Wani wurin ya ce akwai rijiya, muka tarar an gina shago a kai. Ban taɓa jin ya yi magana mai yawa haka ba.

A Maradun muka tsaya a tashar 'yan mashin da ke ɗaukar mutanen ƙauyuka. Kafin in kashe ƙishirwa labari ya zaga wai ga Labbo maharbi. Mutanen garinmu da ke zaune a nan suka yi ta zuwa, wasu na gane su, wasu sai da aka gaya mini 'ya'yan wane ne. Cikinsu akwai Mani, sa'ana, wanda muka yi kiwon awaki tare, yanzu yana haya da mashin. Shi yakan shiga ƙauyen jefi-jefi in an ji shiru. Baffa ya zaunar da shi ya yi ta tambaya. Mani ya ce ɗakin mahaifina ya faɗi tun damina biyu da suka wuce, zaure dai na tsaye ba rufi. Majen na nan. Maƙabarta ciyawa ta rufe ta amma ba abin da ya taɓa ta. Kyauron fadama kuwa ya fi mutum tsawo, shekara da shekaru ba mai yanka.

Baffa ya dafa sandarsa ya miƙe, ya laluba ya kama kujerar mashin ɗin Mani.

“Kai ni in gani. Ba ni daɗewa.”

Mani ya dube ni. A hankali ya ce makon nan hanyar ba ta da kyau, shekaranjiya ma an ga ɓarayin a kusa da mashigi, shi kansa bai shiga ba. Baffa ya ce shi tsoho ne, me za su yi da shi. Ya fara ƙoƙarin ɗaga ƙafa.

Na riƙe hannunsa na ce, “Baffa, ka yi haƙuri. Ba yau ba.”

“Kai ka hana ni, ɗan Mamman?”

“Ni ne, Baffa.”

Tunda nake ban taɓa ce masa a'a ba. Kuma gaskiyar magana, ni ma ƙafata ƙaiƙayi take. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce tsakanina da kabarin mahaifina. Ina kallon jar hanyar nan ta bi ta cikin dawa ta ɓace, na san kowace kwana tata. Da Baffa ya ƙara matsawa kaɗan ban san abin da zan yi ba. Amma bai matsa ba. Ya saki mashin ɗin, ya juya fuskarsa wajen hanyar, ya ɗaga hannu ya yi wa mamatanmu addu'a daga nan inda yake tsaye. Duk 'yan tashar suka shafa tare da mu. Ya ce wa Mani in ya shiga ya cire ciyawar kan kabarin Mamman. Mani ya ce in sha Allahu.

Har muka koma Bakura bai ƙara kiran sunan wani wuri ba. Ya sa an ɗaga gilashi. Da muka isa ya shige ɗaki, abincin rana ma bai ci ba. Hassi ta ce in bar shi, ta gode. Ni dai godiyar ba ta shige ni ba.

Sauran yinin na zauna a kango ni kaɗai na sa wa kibiyoyin da suka rage na tagulla, ɗaya bayan ɗaya, da haɗin gwangwanin nan. Wajen la'asar na ji takun sanda. Ya zo ya zauna a kujerarsa bai dube ni ba. Duk wadda na gama sai ya miƙo hannu, in ba shi, ya murza ta a tafinsa ya ji ko tsinin na rawa. Biyu ya mayar mini ya ce sun karkace. Na tsoma a ruwan zafi na juya su na gyara. Haka muka yi har aka kira magariba, kuma iyakar maganar da ta shiga tsakaninmu ke nan.

Ranar Juma'a da sassafe muka yi sallama. Na durƙusa, ya dafa kaina ya yi mini addu'a mai tsawo. Hassi ta cika mana bayan mota da dankali da shinkafa, har abokina ya ce motar ta fara tafiya kamar mai ciki. Muka wuce Gusau kafin azahar, muka yi sallah a hanya, muka shiga Zariya rana na shirin faɗuwa, lafiya lau.

Gasar an yi ta, na zo na shida, wanda a wajena ci gaba ne. Kibiyoyin sun yi abin da ya kamata, sauran laifin na hannuna ne.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Shekara tara ina cewa hanya ce ta hana ni zuwa, alhali hanyar da ta lalace ta ƙauye ce, ta Bakura tana nan mutane na bi kullum. Da na zo da wuri da na sami Baffa yana iya jan baka, da mun yi harbi tare ko sau ɗaya. Wanda ke da tsoho a wani gari ya tashi ya je, kada ya jira a kira shi.

Har yau kuma ban tabbata ko na kyauta da na riƙe hannunsa a Maradun ba. Hankalina ya ce na yi daidai, zuciyata ba ta yarda ba. Na kira Hassi bayan gasar ta ba shi waya, na gaya masa na zo na shida. Bai tambayi mutum nawa muka yi ba. Ya ce in an ce hanya ta yi kyau, kada in aiko kowa, ni zan zo in ɗauke shi da kaina. Na ce to. Ya ce in faɗa da ƙarfi, bai ji ba. Na sake cewa to, Baffa.